Injin Sassaƙar Ƙarfe da Albasar Adar

Yau shirin namu zai leƙa rumfar masu sassaƙar ƙarfe da inji, mu duba ko ya dace a ɗora wa ƙaramin injin nan kwamfuta ya riƙa maimaita aiki da kansa.

Duk wanda ya san Tamaske da Keita, ko ya gangara kwarin Tarka wajen Madawa da Buza, ya san da rani albasa ke riƙe da gidaje, ita kuma injin ban-ruwa ke riƙe da ita. In injin ya tsaya, sau da yawa ɗan abu ne ya lalace: bushi ya cinye, ko zaren noti ya sule, ko mahaɗin tiyo ya tsage. Manomi ya ƙulle guntun a leda ya kai wa mai sassaƙa. Shi kuma ya ɗaure sandar ƙarfe a bakin inji tana juyawa, ya riƙa matso da wuƙa a hankali, ɓawon ƙarfe na murɗewa yana zuba, ya tsaya ya auna, ya ƙara ci, ya sake aunawa. Gwaninta kam akwai ta. Abin da hannu ke kasawa shi ne fitar da guda hamsin iri ɗaya, ta yadda na farko da na ƙarshe za su shiga gurbi ɗaya ba tare da an kai musu guduma ba. A ganinmu wannan daidaito shi ne hujjar sa wa injin kwamfuta, sauri biyo baya yake yi.

Turawa ma daga nan suka faro. Wajen 1800 Henry Maudslay a Ingila ya gyara injin da ke yanka zaren ƙusa daidai wa daida, a 1841 kuma Joseph Whitworth ya tsara ma'aunin zare guda ɗaya don notin wannan maƙera ya hau ƙusar waccan. Sai a 1952 aka nuna injin yankan ƙarfe mai bin umarnin lambobi a jami'ar MIT ta Amurka. Abin da a lokacin sai manyan masana'antu, yau ya sauko hannun mai ƙaramar rumfa. Ana cire hannayen juyawa biyu, a maye gurbinsu da ƙananan motoci masu tafiya taki-taki. Galibinsu taki 200 suke yi kafin su zagaya sau ɗaya. In sandar mai zare tana matsar da wuƙa milimita 2 a kowane zagaye, ke nan kowane taki kashi ɗaya ne cikin ɗari na milimita. Ɗan allon Arduino da manhajar GRBL, wadda kyauta ce, sun isa aikin fiƙewa da yankewa. Yanka zare kuwa sai an ƙara na'urar da ke ƙidaya juyawar ƙarfen, da manhaja irin LinuxCNC. Akwai tarko ɗaya da ya kamata a sani tun farko: tsohon inji sandarsa ta ci, akwai ɗan sako-sako da hannun gwani ke cikewa ba tare da ya lura ba. Kwamfuta ba ta san da shi ba. Dole a sauya sandar, ko a tsara wuƙa ta riƙa shigowa ta gefe ɗaya kullum.

To, wani zai ce kayan gyaran Sin sun cika kasuwa, ga araha. Gaskiya ne, kuma ba mai hankalin da zai ce a yi gasa da su kan fistin ko boris. Amma gatarin amalanke, da sandar injin niƙa, da famfon da mai walda ya haɗa a gari, babu masana'antar da ke yi musu kayan gyara. Ba mu kuma manta 2023 ba, lokacin da aka rufe iyakar Najeriya har zuwa Maris 2024, hanyar Birnin Konni da Illela ta toshe. Wani kuma zai kawo batun wuta, tunda a watan Agustan 2023 Najeriya ta yanke lantarkin da take ba mu. Ƙaramin injin da muke magana a kai motarsa yawanci ba ta kai kilowat ɗaya ba, abin da faifan hasken rana da batir za su iya ɗauka, a jihar da tun 2018 take da tashar hasken rana mai megawat 7 a Malbaza. In wuta ta ɗauke a tsakiyar aiki, guntu ɗaya ake asara, sai a maido da wuƙa mafarinta a ci gaba.

Ƙorafin da ya fi nauyi shi ne na yaran shago. Ana tsoron a wayi gari yaro bai iya komai ba sai danna maɓalli, kuma wannan tsoro yana kan hanya. Sai dai kwamfuta ba ta wasa wuƙa, ba ta bambance ƙarfe mai kyau da ruɓaɓɓe a tarin tsofaffin motoci, ba ta jin sautin da ke nuna wuƙa ta dakushe. Wanda bai iya sassaƙa da hannu ba, umarnin banza zai rubuta mata. Saboda haka a koya wa yaro hannu tukuna, lissafi ya biyo baya. A yankin da samari ke tafiya cirani kowace shekara, sana'ar da ta haɗa ƙira da kwamfuta tana iya zaunar da wasunsu a gida.

Amma fa duk wannan bai biyan kuɗinsa sai da yawa. Shirya injin da rubuta umarni na cin lokaci. In guda ɗaya ake so, hannu ya fi sauri nesa ba kusa ba. Mai sassaƙar da kullum abu daban ake kawo masa, kada ya ɓarnatar da jarinsa. Ya fara da mai araha: ma'aunin kauri nagari, da tokare da zai tsayar da wuƙa wuri ɗaya, da littafin da zai rubuta awon duk abin da aka fi nema.

Kiranmu ga ƙungiyoyin manoman albasa na Tamaske da Madawa da Buza shi ne, kafin a fara dashe, ku zauna ku lissafa guntayen da suka fi lalacewa a injunanku, ku haɗa oda ɗaya ku kai wa mai sassaƙa na garinku. Cibiyoyin koyon sana'a kuma su tanadi inji ko da ɗaya ne da matasa za su gwada wannan aiki a kai.