Alawa a Aji: Yaushe, Kuma Ta Hannun Wa?

Duk malamin firamare ya san ranar. Ko dai ƙarshen zango ne, ko 27 ga Mayu, Ranar Yara, ko kuma makon da aka dawo hutun Sallah ko na Kirsimeti. Yara su shigo da ledoji cike da minti da biskit da alawar madara da cincin, kafin a tashi tara aji ya zama kasuwar Kurmi.

Hana shagalin ba dabara ba ce, don yaro ma yana da haƙƙin murna. Tsara shi ne aikin.

A shekarar 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada sukarin da ake ƙarawa a ci da sha ya kai kashi 10 cikin 100 na kuzarin da jiki ke samu a yini, in da hali ma a tsaya ƙasa da kashi 5, wato wajen ƙaramin cokali shida ga babban mutum. Lemon kwalba guda yakan haura hakan shi kaɗai.

Sai dai abin da iyaye da yawa ba su lura da shi ba, haƙori ya fi jin jiki daga yawan maimaita shan zaƙi. Duk sanda zaƙi ya shiga baki, ƙwayoyin cutar da ke manne a haƙora sukan mayar da shi sinadari mai tsami da ke cin bayan haƙorin, kuma miyau na buƙatar lokaci kafin ya wanke shi. Yaron da ya yini yana tsotsar minti ɗaya bayan ɗaya bai ba miyaunsa wannan sararin ba. Gara a raba sau ɗaya, bayan an ci abinci, a bi da ruwa.

Rabon kuwa, ni dai a ganina, kada ya bar hannun malami. A tara duk abin da aka kawo a faranti guda, yadda ba mai gane wa ya zo da kwalin cakulan, wa ya zo hannu rabbana. Ɗan marar ƙarfi ba ya manta ranar da aka yi rabo yana kallo.

Kafin ranar, a tambayi iyaye ko akwai mai ciwon sukari, ko wanda gyaɗa ke tayar wa da borin jini. 'Yan nazare kuma a nesanta su da minti mai tauri saboda shaƙewa. Yankan kankana da lemon zaƙi da ayaba sun ishe su, a ƙara da tatsuniya guda kafin a kaɗa ƙararrawar tashi.