Matsalar Fitsarin Dattijo Ba Ta Ɓoyewa Ba Ce

A garuruwan bakin Komadugu, daga Difa har Geskeru da Boso, ganin jini a fitsari ba baƙon abu ba ne. Manoman tattasai da shinkafa da masunta sun saba da tsargiya tun suna yara, domin cikin ruwa suke wuni. Wannan sabon ne ke sa dattijo ya ga jini, ko fitsari ya riƙa yi masa gardama, ya ce tsargiya ce ko tsufa, ya sha jiƙo ya yi gum. Alhali sau da yawa matsalar tana ga wani ƙulli da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji, wanda likitoci ke kira furostat.

Wannan ƙulli shi ke samar da wani kaso na ruwan maniyyi. Cikin abin da yake fitarwa akwai sinadarin da ake kira asid fosfatas, mai tsinke fosfat daga jikin wasu sinadarai, kuma ya fi kuzari inda akwai tsami. Umarnin ƙera shi yana cikin ƙwayar gadon da ke kan kuromosom na 3, wadda kowa ke karɓa daga uwa da uba. Yana da 'yan uwa a jiki: ɗaya a jajayen ƙwayoyin jini, wani a ƙwayoyin da ke narkar da tsohon ƙashi. Na furostat kuwa ya yawaita a maniyyi, har masu binciken laifin fyaɗe kan nemi sawunsa a jikin tufafi.

A jinin mai lafiya ɗan kaɗan ne ake samu. A 1938 Alexander da Ethel Gutman suka nuna a birnin New York cewa yana hauhawa a jinin mazan da sankarar furostat ta bazu zuwa ƙashinsu. Daga nan aka fara bin sawun wannan cuta ta hanyar awon jini. Sai dai awon yana da tawaya: yawanci ba ya nuna komai sai cutar ta riga ta yi nisa. Shi ya sa daga 1986, lokacin da Amurka ta amince da awon wani sinadarin furostat da ake kira PSA, likitoci suka koma gare shi, domin yana iya ankarar da su tun da wuri. Duk da haka ba a yar da tsohon sinadarin ba. A 2010 an amince da wani magani da ke koya wa garkuwar jiki farautar ƙwayoyin sankarar da ke ɗauke da shi.

Wa ya fi shiga haɗari? Wanda ya haura shekara 50, da wanda mahaifinsa ko ɗan uwansa na jini ya yi cutar, domin haɗarinsa ya kai kusan ninki biyu. Baƙar fata ma sun fi kamuwa: a Ingila an kiyasta ɗaya cikin huɗu na baƙaƙen maza zai gamu da ita, alhali a maza gaba ɗaya ɗaya ne cikin takwas.

A farkonta sankarar ba ta cika nuna alama ba. Saboda haka duk wanda ya kai 45, musamman mai ita a dangi, ya tuntuɓi likita game da awo ko da yana jin garau. Wanda kuwa ke yawan tashi fitsari da dare, ko yake yunƙuri kafin ya fito, ko yake ganin jini, ko ciwon ƙugu da baya ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, ya nufi babban asibitin jihar Difa ba tare da jinkiri ba. Hawan PSA ba hukuncin sankara ba ne; kumburin tsufa da ƙwayoyin cuta ma suna ɗaga shi, likita ne zai bambance. Idan an tabbatar, akwai asibitin ƙasa na Damagaram, akwai kuma cibiyar yaƙi da sankara a Yamai. Amma Yamai ta fi kilomita 1,300 daga Difa, tafiyar da ta fi sauƙi ga mai sauran ƙarfi.

Iyayenmu maza suna da kunya da kawaici, ba za su faɗa da bakinsu ba. Uwargida ce ta san sau nawa maigida ke ɗaukar buta cikin dare. Ta sanar da babban ɗa, shi kuma ya lallaɓa Baba ya kai shi awo, maimakon kuɗin tattasai su ƙare wajen masu tallar maganin ƙarfin maza a kasuwa.