Cin jarrabawar tuƙi ba shi ne lasisi ba

Wasu matasanmu, musamman masu neman aikin direba ko kabu-kabu, wato kilando, suna hawa titi a ranar da suka ci jarrabawar tuƙi. Muna roƙon ku dakata.

A Chadi, hukumar ANATS ce ke buga katin lasisi, wanda ake kira permi. Ɗan sanda ko jandarma da ya tare ku a gadar Chagoua, permi zai nema, tare da takardun abin hawa da inshora. Katin ɗan gudun hijira shaidar ko wane ne ku kawai yake yi.

Waɗanda suka zo daga Najeriya sun san lasisin wucin gadi na kwana 60 da FRSC ta riƙa bayarwa. Wannan tsarin can ne. Idan an ba ku rasit a nan, ku tambayi ofishin ko ya halatta tuƙi, da ranar da zai ƙare.

Tara ƙaramar asara ce. Idan kuka buge wani ba ku da permi, kamfanin inshora na iya biyan sa diyya, sannan ya biyo ku kuɗin gaba ɗaya.

Wanda aka karɓe wa takardu ya sanar da wakilin CNARR.