Sana'ar hannu cikin gidan kaso

A birnin Tawa akwai gidan kaso. Akwai kuma a Abalak, da Cintabaradan, da Kaita, da Ilela. Mutanen da ke ciki ba baƙi ba ne. Manoma ne, da makiyaya, da samari ƴan cin rani. Yawancinsu wata rana za su fito, su koma garuruwansu. Abin tambaya shi ne: da mi za su koma?

Wanda ya yi shekara biyu zaune, ba ya aikin komi, zai fito hannu wofi. Gonarsa ta yi saura, bisashensa sun ƙare wajen ciyar da iyali. Irin wannan mutum bai da wuyar komawa ga laifin da ya kai shi. Hausawa sun ce zaman banza, banza ne. Don haka ne hukuma ke so ɗan kaso ya koyi sana'a tun yana ciki.

Abin da doka ta ce

A Nijar, gidajen kaso suna ƙarƙashin ministan shara'a. Ƴan gardin ƙasa ne ke tsaronsu. Wata doka ta ranar 3 ga Satumba 1999 ta tsara zaman cikinsu. Wata kuma, mai lamba 2017-08, ta fito ranar 31 ga Maris 2017. Ban da gidajen kaso na birane, gwamnati ta keɓe gidaje don koyon sana'a a Kolo da Daikaina, da na yara a Dakwaro.

Ƙasashen duniya su ma sun shirya kan wannan magana. Ranar 17 ga Disamba 2015, Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da ƙa'idodi 122 na riƙon ƴan kaso. An sa musu sunan Nelson Mandela, tsohon shugaban Afirka ta Kudu, wanda ya yi shekara 27 a kulle. Ga kaɗan daga abin da sunka ƙunsa game da aiki.

Wanda anka yanke ma hukunci, a ba shi damar aiki, in likita ya ga yana da lafiyar yi. Wanda ke jiran shara'a, ba a tilasta masa. In ya so ya yi, a biya shi. Kada aikin ya zama azaba. Kada wani ma'aikacin gidan kaso ya sa ɗan kaso yi masa aikin kansa. A ba mai aiki hutun kwana guda cikin mako, a bar masa lokacin karatu.

Wace sana'a ta dace?

Sana'ar da ta dace ita ce wadda ke da kasuwa a garin mutum. Wanda zai koma ƙauyen da babu lantarki, aikin da ke bukatar wuta ba zai amfane shi ba. A ƙasar Adar, ga irin waɗanda sunka fi sauƙi: saƙar tabarma da faifai da kabar goriba, tufkar igiya, ɗinkin hula, ɗinkin keke, da dukanci.

Dukanci yana da daraja a nan, don ƙasar makiyaya ce. Fatar akuya ba ta wuyar samu. Da ƴaƴan bagaruwa ake jeme ta, da karan dafi ake rina ta ja. Takalmi, da jaka, da gidan wuƙa, duk suna da masaya a kasuwar Tawa ta ranar Lahadi.

Mai koyarwa ma ba sai an nemo shi daga nesa ba. Sau da yawa cikin ƴan kason akwai tela, ko baduku, ko masaƙi. Shi sai ya zama maigidan aiki, a haɗa shi da almajirai huɗu ko biyar. Mata suna yin nasu aiki a nasu ɓangare, yara ma haka, don doka ta raba su da manyan maza.

Tsaron kayan aiki

Wuƙa, da basilla, da almakashi kayan sana'a ne, amma suna iya zama makami. Shi ya sa ake ƙirga su sau biyu kowace rana. Da safe a rubuta sunan wanda ya karɓa. Da marece ya maido, a sake ƙirgawa, a kulle cikin akwati. In allura guda ta ɓace, sai an gane ta kafin a tashi. Wurin aiki kuma ya zama mai inuwa da iska, nesa da ɗakin kwana.

Rabon kuɗi

Nan ne gardama ke tashi. In kuɗi ba su da lissafi, mai aiki zai ga an cuce shi, ya aje aikin. Ƙa'ida ta 103 ta Mandela ta ce a biya ɗan kaso bisa adalci. Ya taɓa wani kashi don bukatarsa, ya aika ma iyalinsa wani, hukuma ta ajiye masa wani har ranar fitarsa. Ƙa'idar ba ta yanke yawan kowane kashi ba.

Ga misali don lissafi. A ce an saida tabarma guda dala 300. Kaba da rini sun ci dala 120. Wannan kuɗi ya koma asusu, don a sayo wata kabar. Saura dala 180. In anka raba uku daidai, kowane kashi dala 60 ke nan: dala 60 ta sabuni, dala 60 ta gida, dala 60 ta ajiya. Mai saƙa tabarma 4 a wata, ajiyarsa ta wata dala 240 ce. Cikin wata 12 ta kai dala 2880, wato jika 14 da dala 80. Wannan ya isa kuɗin mota zuwa gida, da ɗan jarin fara sana'a.

Abin da ke kashe irin wannan aiki shi ne cin uwar kuɗi. In anka cinye kuɗin kaba, aiki ya tsaya ke nan.

Amfanin karatu

Duk wannan lissafi cikin kaye ake rubuta shi. Kowane mai aiki da shafinsa: ranar da ya gama kaya, kuɗin da anka saida, da abin da anka ajiye masa. Wanda ya shiga yaƙi da jahilci, shi da kansa zai duba shafinsa. Wanda bai iya ba, sai abin da anka faɗa masa. Don haka sana'a da karatu tare ya kamata su tafi, ko cikin kaso, ko wajensa.

Rabon mutanen gari

Hukuma ita kaɗai ba ta iya gama wannan aiki. Mai zuwa ziyara yana iya kai ma ɗan'uwansa kaba ko zare, bayan ya nemi izinin shugaban gidan kaso. Ɗan kasuwa yana iya sayen kayan bisa kuɗinsu na gaskiya, kada ya karya su don ya ga mai su a kulle yake. Ƙungiyar masu sana'a tana iya aika gwaninta ya koyar.

Babban aiki kuwa sai ranar da mutumin ya fito. Ya biya abin da shara'a ta ɗora masa. In anka ƙi sayen takalminsa, anka hana masa wurin zama a kasuwa, koyon da ya yi ya tashi banza. In kuwa maigari da liman da dattawa sunka karɓe shi, sauran jama'a za su bi. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Tela ko badukun da ya dawo gida, gari duka ne ya samu.