Buzu da Dadduma: Yadda Roba Take Gaje Fata

Duk wanda ya taɓa zama a zauren malami a Wurma a zamanin da ya san buzu, fatar ragon nan da ake jemewa da gashinta, wadda malam ke zama a kai yana ba da karatu, idan lokacin salla ya yi kuma ya fuskanci alƙibla a kanta; amma a yau, in ka leƙa masallatan ƙasar Kurfi da Dutsin-Ma, dadduma za ka tarar, wadda galibi zarenta ba na dabba ba ne, ba kuma na auduga ba, daga ɗanyen man fetur aka samo shi. Haka guga ya koma na roba, gafaka ta zama abin marmari, takalman dukawa kuma suka yi ƙaranci a rumfunan kasuwa.

Ita fatar roba ta kanti, yadi ne ake shimfiɗawa, a malala masa narkakkiyar roba irin wadda masana ke kira PVC ko PU, sa'an nan a danne ta da ƙarfe mai zane har ta fito da kamannin fata. A ido ba ta da makusa. Illa dai ba ta shan mai, ba ta son ɗinkin gyara, idan kuma zafin bazara ya buge ta sai ta tsattsage tana ɓarewa, a yar da ita a juji, ta bi taki zuwa gona, inda ba ta ruɓewa. Tun a 1964 kamfanin DuPont na Amurka ya fito da irin tasa mai suna Corfam, ya daina yin ta a 1971, saboda ba ta sakewa ta bi siffar ƙafa.

Hujjar masu goyon bayan fatar roba a Turai ita ce tausayin dabba, kuma hujja ce mai ƙarfi game da dabbobin da ake tsarewa a keji domin gashinsu kawai, abin da Ingila ta haramta tun shekarar 2000. Amma a ganina ƙiyasin bai hau kanmu ba, domin ragon layya da akuyar suna don nama da ibada ake yanka su, fatar kuwa saura ce, wadda in ba a jeme ta ba almubazzaranci aka yi. Araha ce ta kawo mana roba, kuma ba na raina wannan, domin ta sa ɗan talaka ya daina tafiya makaranta ba takalmi.

Abin da ke ci mini rai shi ne, ƙasar da fatar jar akuyarta ta Sakkwato da Maraɗi ta ƙetare Sahara a ayari har Turawa suka riƙa kiranta fatar Maroko, ƙasar da Baturen nan matafiyi Barth ya iske takalman Kano suna fita zuwa nesa a 1851, ita ce yau take tattara fatunta a kai masana'antun Challawa da Sharaɗa, a jeme su da sinadarin kurom mai gurɓata ruwa, a fitar da mafi kyawunsu Italiya da Sifen, ƙirgin shanu kuma a cinye shi ganda. Alhali majeminmu da bagaruwa yake jima, wadda ba ta barin dafi a ƙasa, kuma irin wannan jima ta tsirrai ce masu saye a Turai suke nema yanzu da tsada. Sai dai baduku a Kurfi, in ya tashi sayen fata, da dillalan Kano yake takara a farashi.