Old Fashioned: Tsohon Haɗin Wiskin Amurka Da Abin Da Ya Haɗa Shi Da Chapman

Ma'aikacin da aiki ya taɓa kai shi liyafar ofishin jakadanci a Maitama, ko ya raka minista taro a Washington, da wuya bai ga wani gajeren tambulan a hannun baƙi ba: abin sha mai launin shayi, da dunƙulen ƙanƙara guda, da ɓawon lemu a ciki. Sunansa Old Fashioned, wato "na tsohon yayi", kuma yana cikin haɗe-haɗen wiski mafiya daɗewa a Amurka.

A ranar 13 ga Mayu, 1806, wata jarida a garin Hudson na jihar New York ta amsa wa mai karatu da ya nemi ma'anar kalmar koktel. Abu huɗu ta lissafa: barasa mai ƙarfi, sukari, ruwa da ruwan ɗaci. Da gidajen giya suka shiga ƙare-ƙaren kayan zaƙi a ƙarshen ƙarni na 19, sai dattawa cikin masu sha suka riƙa cewa a haɗa musu irin na da. Daga nan sunan ya samo asali. A shekarar 2015 birnin Louisville na jihar Kentucky, cibiyar wiskin bourbon, ya ayyana shi a matsayin haɗin da birnin ke tinƙaho da shi.

Dalilin da ya sa Amurkawa ke fara koyon haɗi a gida da shi kuwa shi ne ba ya buƙatar kayan aiki sai tambulan da cokali. Ana sa ƙwayar sukari guda a gindin tambulan, a ɗiga mata ruwan ɗaci na Angostura sau biyu ko uku da ɗan ruwa, a murje ta har ta narke. Sannan a zuba mililita 45 na bourbon, wanda dokar Amurka ta ce dole masara ta kai kashi 51 cikin 100 na hatsinsa, kuma a adana shi cikin sabuwar gangar katako da aka babbake cikinta. A saka ƙanƙara, a juya a hankali na kusan rabin minti, a matse ɓawon lemu a sama don ƙamshinsa ya sauka.

Gaggawa ce ke ɓata wa sabon hannu aiki. Sukari ba ya narkewa da sauƙi cikin barasa mai sanyi, don haka wanda ya riga ya zuba wiski da ƙanƙara zai tarar da tsaki-tsaki a ƙasan kofi. Ƙananan ƙanƙara na saurin narkewa su tsinka haɗin. Farin cikin ɓawon lemu kuma ɗaci ne da shi, shi ya sa ake feraye fatar sama kaɗai. Ƙanƙantar tambulan ɗin ma tana ruɗi: barasar da ke ciki ta kai ta gwangwanin giya guda, kuma wanda ya sha bai kamata ya riƙe sitiyari ba.

Ga mai karatun da ba ya shan barasa, saboda addini ko lafiya, abin lura yana cikin ƙaramar kwalbar Angostura. Wani likita Bajamushe, Johann Siegert, shi ya ƙirƙiro ruwan a 1824 a Benezuwela a matsayin maganin ciki, kafin iyalinsa su mayar da sana'ar tsibirin Trinidad a 1875. Kashi 44.7 cikin 100 na abin da ke kwalbar barasa ne, ya ma zarce na wiski da dama. Wannan ruwan ɗacin ne kuma ake yawan ɗigawa cikin Chapman, jan abin shan nan mai kokwamba da lemun tsami da ake miƙa wa mutane a bukukuwa da otal-otal na Abuja a matsayin lemu.

Ɗigon kaɗan ne ƙwarai, amma mai sha ke da haƙƙin sani. Hadimin da aka ɗora wa shirya liyafa, kafin ya sa hannu kan jerin abin sha, ya tambayi mai haɗawa ko akwai Angostura a Chapman ɗin, ya kuma nemi a ware tulu guda da babu shi. Matambayi ba ya ɓata.