BA KOWACE CIYAWA KE MUTUWA DA FARTANYA BA

Gyadi-Gyadi da Tarauni dā gonaki ne a bayan birnin Kano, yau kuwa gidaje sun cinye su. Amma ciyawa ba ta ƙaura ba. Da ruwa ya zauna a watan Yuni, sai tsakar gida da ɗan lambun ƙofa su cika fal. Maigida ya biya a nome, bayan mako 2 ta komo. Ga kuɗi sun tafi, ga sauro da maciji sun sami maɓoya.

To, dalili shi ne ciyawar iri biyu ce, maganinsu kuwa ba ɗaya ba ne.

Ta farko ita ce mai fitowa daga iri, watau ƙarangiya da gude-gude da tuji da harƙiya. Shekara guda suke yi. In an nome su tun ba su fid da kai ba, an gama da su. Wanda ya bari suka zubar da 'ya'ya, ya shuka wa kansa aikin baɗi. A kuma lura da takin awaki wanda bai ruɓe ba, don yakan zo da irinsu.

Ta biyu ita ce mai rai a ƙarƙashin ƙasa, watau aya-aya da kiri-kiri. A 1977 waɗansu masana na Amurka suka jera miyagun ciyayin duniya, aya-aya ta zo ta ɗaya, kiri-kiri ta biyu. Saran kiri-kiri da damina dashe ne, gama kowace gaɓa sai ta tsiro. Aya-aya kuwa 'ya'yanta na ƙasa ke tayar da ita. Lokacinsu shi ne bazara, Maris da Afrilu. A haƙa zurfin taƙi guda, a tsince saiwa da 'ya'ya, a shanya a rana, sa'an nan a ƙone.

Mai son filin kiri-kiri don ado, sai ya riƙa aske shi a kai a kai, ya ba shi taki. In ya yi kauri, baƙuwar ciyawa ba ta samun wuri.

Maganin feshi mai suna glyphosate yana bin ganye har saiwa, amma bai san alayyafo da ciyawa ba. Kada a fesa da iska, a kuma kawar da yara da dabbobi.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Allah ya ba mu damina mai albarka, amin.